Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

Gabatarwa

Shekara 22 mahaifina ya yi yana taka keken ɗinki a shago ɗaya, a wani layi da ke tsakiyar hada-hadar kasuwancin Kano. Da gumin wannan keke aka biya mini kuɗin jarrabawa, da shi aka riƙe ni har na karɓi digiri. Ina aji biyu a jami'a aka raba wa 'yan hayar layin takarda cewa an sayar da wurin, kowa ya kwashe nasa-ya-nasa cikin wata uku. Da wa'adi ya cika, katafila ta iso da asuba, kafin azahar ta gama aikinta. Bayan mako guda aka kewaye filin da kwano, aka kafa wani ƙaton allo mai ɗauke da hoton dogon bene na gilashi, ga motoci masu sheƙi a gindinsa, ga mutane cikin kwat suna murmushi. Na daɗe a tsaye ina duban hoton nan. Ban ga tela a cikinsa ba, ban ga mai shayi ba, ban ga ko mutum ɗaya da ya yi kama da waɗanda aka tasa ba.

Yau shekara biyar ke nan. Ginin ya tsaya a hawa na huɗu, rodi ya yi tsatsa, allon ya koɗe. Mahaifina yana ɗinki a soron gidanmu, mafi yawan masu kawo masa aiki kuwa sun koma wajen wanda suke iya gani a bakin hanya.

Ban kawo wannan labari don neman tausayi ba. Na kawo shi ne domin mai karatu ya san daga inda nake magana. Matsayata a wannan muƙala ita ce: a halin da biranenmu suke ciki, rushe layin kasuwanci mai rai a tsakiyar gari domin a dasa dogon benen ofisoshi asara ce da aka yi wa kwalliya, kuma bai kamata wata hukuma ta sa hannu a kai ba sai an cika sharuɗɗan da zan zayyana a gaba.

Abin da katafila take rushewa

Idan masu zuba jari za su yi bayanin irin wannan wuri, kalma ɗaya suke amfani da ita: tsohon gini. Gaskiya ne, ginin tsoho ne. Amma bari mu leƙa cikinsa. A layinmu akwai teloli da masu gyaran agogo da masu buga takardu da masu sayar da littattafan makaranta. A bakin shagunan akwai 'yan tebur, akwai mai faci, akwai mai wankin hula, akwai matar da ke kawo abinci da rana. Kowane shago yana da yara masu koyon sana'a, kowane yaro yana kai wani abu gida da yamma. Tela yana sayen zare a maƙwabcinsa, mai zare yana shan shayi a gaban shagonsa, mai shayi yana ba ɗan dako bashi har ranar Juma'a. Wanda ya zo gyaran agogo sai ya ga yadi ya taya. Wannan saƙa ce da aka yi shekaru ana ɗaura ta zare bayan zare, kuma ba a ɗauke ta a mota a kai ta bayan gari. Idan aka tsinka ta, ta tsinke.

Wani zai ce ai waɗannan ƙananan sana'o'i ne, birni ba ya girma da su. To, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya suna cin abinci ne a irin waɗannan sana'o'i da ba na ofis ba. Ma'ana, a cikin kowane mutum goma da suka fita nema da safe, tara ba su da tebur a wani ofis. Duk wanda ya tashi mutum tara don ya shimfiɗa wa mutum ɗaya kafet, sai ya gaya mana da wane ma'auni ya auna ci gaban nasa.

Tarihin Kano ma shaida ne. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, take ci har gobe. Fiye da shekara 500 ke nan, da rumfuna da lunguna, ba da tsawo ba. Abin da ya kawo fatake daga Agadas da Gadamas da Gwanja shi ne mutanen da ke cikinta da amanar da ke tsakaninsu. Haka Kantin Kwari, haka Sabon Gari, haka Singa. Arzikin wannan birni a ƙasa yake tafiya, kafaɗa da kafaɗa.

Diyyar da ba ta san ɗan haya ba

Hanya biyu ake bi a raba mutane da irin wannan wuri. Ko dai mai gini ya sayar, ko kuma gwamnati ta karɓe. Idan sayarwa aka yi, abin da ɗan haya yake samu takardar sallama ce kawai. Idan kuma gwamnati ce, to Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, sashe na 28 ya ba shi ikon soke mallaka saboda maslahar jama'a, sashe na 29 kuma ya tanadi diyya. Sai dai abin da wannan diyya take ƙiyastawa shi ne gini da shuka da kuɗin ƙasa da aka riga aka biya. Ba ta da ma'aunin da za ta auna shekara 22 na sabo da abokan ciniki. Telan da bai aza bulo ko ɗaya ba, ba shi da abin da za a ƙiyasta masa, alhali shi da ire-irensa ne suka mai da wurin ya yi darajar da har ake rububinsa. Su suka dafa, wasu suka sauke.

Sa'an nan kalmar nan ta maslahar jama'a ta sha wahala a hannun masu mulki. Kotun Ƙoli ta sha yanke hukunci cewa karɓe filin wani a miƙa wa wani ɗan kasuwa don amfanin kansa ba maslahar jama'a ba ce. Duk da haka filayen tsakiyar birni sun zama kamar ganima, kowace gwamnati da nata rabon. Mun gani da idonmu a Kano. Wata gwamnati ta ba da harabar tsohon otel ɗin Daula da gefen Filin Idi aka yi gine-ginen kasuwanci, wadda ta gaje ta ta sa katafila ta rushe su a watan Yunin 2023. Kafin shekarar ta ƙare, Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta umarci gwamnati ta biya masu shagunan Filin Idi diyyar naira biliyan 30. Ba na nan don in raba gardamar 'yan siyasa. Abin da nake so a lura da shi shi ne, da ginawar da rushewar, babu wadda aka zauna da talakan da ke neman abinci a wurin kafin a yi ta, kuma duk diyyar da za a biya daga aljihun jama'a za ta fito.

Gani ga wane

A Legas na yi hidimar ƙasa, kuma a can na ga ƙarshen hoton da ke jikin allon layinmu. Kusa da dandalin Tafawa Ɓalewa akwai bene mai hawa 25 da aka gina a farkon shekarun samun mulkin kai, aka kuma raɗa masa sunan 'yancin. A zamaninsa abin alfahari ne. Gobara ta taɓa shi a 1993, daga nan ya shafe shekaru masu yawa a yashe, a ɗaya daga cikin filaye mafi tsada a ƙasar nan. Haka tsohuwar sakatariyar tarayya da ke Ikoyi, wadda ta zama kango bayan gwamnati ta ƙaura zuwa Abuja a 1991. A Abujar kanta, hasumiyar Millennium mai tsawon mita 170, wadda aka fara a 2006 tsakanin Masallacin Ƙasa da babbar majami'ar ƙasa, ta tsaya tana kallon gari shekara da shekaru ba a kammala aikinta ba. Idan Legas mai bankuna da kamfanonin mai ta kasa raya dogayen benayen da ta gada, idan Abuja mai baitulmali ta kasa ƙarasa nata, da wace dabara muke zaton namu zai bambanta?

Abin bai tsaya a kanmu ba. A Johannesbag ta Afirka ta Kudu an buɗe ginin Carlton mai hawa 50 a 1973, ya kuma yi shekaru da dama yana riƙe da kambin gini mafi tsawo a Afirka. Tsawonsa bai hana manyan kamfanoni guje wa tsakiyar birnin ba. Kafin ƙarshen shekarun 1990 katafaren otel ɗin da ke jikinsa ya rufe, a 2000 kuma kasuwar hannun jari ta tattara ta koma unguwar Sandton. A Amurka ma, inda aka ƙirƙiro irin wannan gini, annobar korona ta koya wa ma'aikata aiki daga gida, har ya zama a 2024 kusan kashi 20 cikin 100 na ofisoshin manyan biranen ƙasar babu kowa a ciki, ana ta neman hanyar mai da wasunsu gidajen kwana. Masu abin suna neman hanyar sauka, mu kuma yanzu muke ɗaura ɗamarar hawa.

Ko a nan gida akwai darasi. Dogon benen Gidan Ado Bayero da ke Ƙofar Nassarawa yana daga cikin gine-ginen da ake hangowa daga nesa a Kano. Waɗanda suka cika shi da rai su ne ɗaliban jami'ar jiha da aka kafa a 2012, 'ya'yan talakawa masu hawa da sauka da littattafai a hannu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana irin bukatar da birnin yake da ita.

Gidan gilashi a ƙasar rana

Mu ɗauka an yi sa'a an kammala ginin. Da me za a riƙe shi? Bene mai hawa 20 ba ya rayuwa sai da lantarki dare da rana. Lifta wuta take sha, famfon da zai kai ruwa sama wuta yake sha, tagoginsa kuwa ba a buɗe su, don haka numfashin duk wanda ke ciki yana hannun na'urar sanyaya ɗaki. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40. Bangon gilashi a irin wannan rana tanda ce. Wutar da ake raba wa ƙasar nan baki ɗaya, mai mutum fiye da miliyan 200, ba kasafai take wuce megawat 5,000 ba, kuma a watan Afrilun 2024 an ɗaga farashin yunit ɗaya ga masu layin gata daga kusan naira 68 zuwa naira 225. Abin da ya rage shi ne janareta da dizal. Duk wannan kuɗi a kan ɗan haya zai sauka. Lauya ko akanta ko ƙaramin kamfani da ya yi lissafi sai ya ga gara ya kama gida a Nassarawa ko Bompai ya mai da shi ofis, kamar yadda suke yi tun tuni. Daga nan sai benaye na sama su zama na tantabaru.

Kakanninmu ba su karanta ilimin zane-zanen gini a jami'a ba, amma sun san ƙasarsu. Katangar tubali mai kauri, rufin azara, ƙananan tagogi, tsakar gida mai jan iska: duk wanda ya shiga Gidan Makama da tsakar rana ya san sanyin da nake nufi. Ba cewa nake a koma ginin ƙasa a tsakiyar kasuwa ba. Cewa nake, hikimar da ta haifi wancan gini, wato a yi gini daidai da rana da iskar wuri, ita muka yar muka ɗauko hoton birnin da dusar ƙanƙara take zuba.

Akwai kuma batun rai. Dogon benen sadarwa na Legas ya kama da wuta a 1983, Gidan Koko na Ibadan a 1985. A ranar 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ya rufta, mutum fiye da 40 suka rasu. Mu da muka ga yadda gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta ci dukiya a gine-ginen da tsani yake kaiwa, ya kamata mu tambayi kanmu yadda za a yi da wuta a hawa na 18. Tsawo amana ne, kuma ba a ɗaukar Dala ba gammo.

Hujjojin masu goyon baya

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin suna da abin faɗa.

Suna cewa aikin zai samar da ayyukan yi. Haka ne, birkiloli da kafintoci da leburori za su samu na shekara biyu ko uku. Bayan nan sai masu gadi da masu shara. Ma'aikatan da za su zauna a ofisoshin kuwa, mafi yawansu da ma suna da aikinsu, wurin zama kawai suka sauya. Sana'o'in da aka tasa su ne na dindindin, masu yaye yara duk shekara. A kawo lissafin biyu a ajiye gefe da gefe, sa'an nan a yi maganar ayyukan yi.

Suna cewa dogon gini yana jawo masu zuba jari. Mai jari ba yaro ba ne da za a yaudara da ƙyalli. Abin da yake tambaya shi ne wuta da ruwa da hanya da tsaro, da kuma tabbacin cewa takardar filin da aka ba shi yau ba za a yage ta bayan zaɓe ba. Masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai da suka rufe ba rashin dogon ofis ne ya rufe su ba. Fankan-fankan ba shi ne kilishi ba.

Suna cewa tsofaffin layukan ƙazanta ne da cunkoso da haɗarin gobara. Wannan gaskiya ce, ni ma na taso ina tsallake kwatar layinmu. Amma maganin kwata yashewa ne, maganin tsohuwar waya sauyawa ne. Shekara nawa hukuma ta yi tana karɓar haraji a wurin ba ta gyara ba, sai ranar da mai kuɗi ya ƙyalla ido ta tuna da ƙazanta?

Suna cewa mai wuri yana da ikon yin abin da ya ga dama da kayansa. Yana da iko, amma ba shi kaɗai ya yi wa wurin daraja ba. Titin da ya bi ta gaban ginin da kuɗin jama'a aka yi shi, kuma cunkoson motocin da benen zai jawo jama'a ne za su sha shi. Shi ya sa doka ta ce ba a gini sai da izinin hukumar tsara birni. Wanda ke da ikon ba da izini yana da ikon gindaya sharaɗi.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta ƙarshe, kuma na yarda da ita: birni ba zai yi ta faɗaɗa yana cinye gonaki ba, dole a yi sama. Duk wanda ya ga yadda Kano ta miƙe ta haɗiye ƙauyukan Kumbotso da Ungogo ya san haka. Amma yin sama iri-iri ne. Gini mai hawa huɗu ko biyar, shaguna a ƙasa, ɗakunan sana'a da ƙananan ofisoshi a tsakiya, gidajen haya a sama, yana ɗaukar jama'a masu yawa, ana hawansa da ƙafa ranar da babu wuta, kuma magina na gida suna iya yin sa da kayan gida. Irin wannan ne ƙarancin da muke fama da shi. Matasa irina ɗakin haya da shago muke nema, ba ofis a hawa na 15 ba.

Sharuɗɗa kafin a tayar da katafila

Suka ba tare da mafita ba ihu ne bayan hari. Ga abin da nake ganin ya wajaba hukumomin tsara birane su mai da shi ƙa'ida.

Na farko, a ƙirga kafin a rushe. A san mutum nawa ke cin abinci a wurin, da masu shago da yaransu da 'yan tebur, a kuma bayyana adadin ga jama'a tare da adadin ayyukan dindindin da sabon ginin zai samar.

Na biyu, a ba waɗanda aka tasa haƙƙin dawowa. Hawan ƙasa da na ɗaya su zama nasu, a kan kuɗin haya da aka ƙayyade na wasu shekaru, a rubuce a cikin takardar izini. Kafin a gama, a ba su matsuguni a kusa, ba a bayan gari ba.

Na uku, kada a taɓa bulo ɗaya sai mai aikin ya nuna kuɗin kammalawa da yarjejeniyar waɗanda za su kama hayar, ya kuma ajiye jingina a hannun hukuma. Idan wa'adi ya wuce gini yana tsaye, jinginar ta tafi ga waɗanda aka raba da sana'arsu. Da an yi haka a layinmu, da ko dai benen ya tashi, ko kuma shagunan suna nan.

Na huɗu, a ƙididdige dogayen gine-ginen da suke a yashe ko rabinsu babu kowa, na gwamnati da na 'yan kasuwa, a fara raya su. Wanda bai cinye na kwanonsa ba, ba ya neman ƙari.

Na biyar, duk ginin da zai wuce hawa shida ya nuna inda wutarsa da ruwansa za su fito, da wurin ajiye motocinsa, da hanyar tsira idan gobara ta tashi, kuma hukumar kashe gobara ta tabbatar kayan aikinta za su kai inda ya kai.

Na shida, a zauna da jama'a a fili, da harshen da suke ji, kafin a sa hannu. Sanarwa a shafin jaridar da mai faci ba zai taɓa gani ba, ba shawara ba ce.

Kammalawa

Ni ba maƙiyin tsawo ba ne, kuma ina fatan ganin ranar da Kano za ta yi dogayen benaye saboda kasuwancinta ya cika ya tumbatsa har ƙasa ta yi masa kaɗan. A ranar, benen zai zama 'ya'yan itacen da aka shuka aka yi wa ban-ruwa. Abin da ake yi yanzu shi ne a sare bishiya mai 'ya'ya a kafa hotonta.

Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Matafiyi yakan hango dutsen daga nesa ya yi murna, alhali da sauran tafiya a gabansa. Haka mai hangen dogon gilashi ya ce an ci gaba. Shiga birni shi ne yaron tela ya samu wurin koyon sana'a, mai jari ya samu wuta, ɗan haya ya kwana da tabbacin cewa ba za a tashe shi da takardar wata uku ba. Har yanzu nakan bi ta layinmu in leƙa ta ɓular kwanon da aka kewaye shi da shi. Daidai inda keken mahaifina yake a da, ciyawa ce ta fito, awaki suna kiwo. Ina roƙon masu riƙe da alƙalamin izini su je su leƙa ta wannan ɓula kafin su sa hannu a kan layi na gaba.